Idan Yaron Mota Ya Karɓi Sitiyari, Wa Yake Hutawa?

Zariya mahaɗar hanyoyi ce. Babban titin da ya taso daga Abuja ya ratsa Kaduna ya nufi Kano ta nan ya bi, daga nan wani ya ɓalle zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato, wani kuma ya yi gabas ta Pambeguwa zuwa Jos. Saboda haka mutumin unguwar Tudun Wada ba ya buƙatar a siffanta masa tirela. Yana ganinsu jere a bakin titi a Ɗan Magaji da Kwangila, masu shanu da masu siminti da tankokin mai, kuma da wuya a rasa wani saurayi a layinsu da ya bi mota. Hanyar zama direban babbar mota a wurinmu sananniya ce. Uba ko yaya ya kai yaro wurin wani direba ya ce ga amana. Yaro ya fara da wanke mota da ɗauko ruwa da sa weji a ƙarƙashin taya, ya koyi duba mai da ɗaure tamfol da canza taya, sannan a fara ba shi ya matsar da mota a cikin gareji. Wata rana kuma, a kan miƙaƙƙen titi, maigidansa ya rage gudu ya gangara gefe ya ce, "Kai, zo ka riƙe mini, in ɗan runtsa." Yaro ya ce, "To, Oga," zuciyarsa fari ƙal, don ranar da yake jira ke nan. Oga ya zagaya ɗaya kujerar, ya tura hula a fuska, ya ƙara da cewa, "In ka hango shinge ka tashe ni."

A nan matsalar take, kuma ita ce wannan rubutu zai bi. A lissafin oga, wannan lokaci hutunsa ne. A lissafin yaro, darasi ne. Lissafin biyu ba za su taɓa zama daidai a lokaci guda ba. In darasi ake yi, to malami yana bakin aiki, idonsa biyu, kuma awannin da ya yi a zaune a gefe dole su shiga cikin awannin aikinsa na ranar. In kuwa barci yake yi da gaske, to babu darasi. Abin da ake da shi mota ce mai tan talatin ko fiye a hannun wanda bai ƙware ba, ba mai duba shi. Ra'ayina shi ne a daina ɗaukar mai koyo a matsayin direba na biyu, a kuma daina ƙidaya zaman sa ido a matsayin hutu, ko a ofishin kamfani, ko a reshen ƙungiya, ko a cikin kan mota inda daga oga sai yaronsa.

Ƙasashen da suka daɗe suna fama da haɗurran manyan motoci sun riga sun yi wannan muhawara, kuma yana da kyau a ga inda suka tsaya. A Amurka, inda aka fara ƙayyade awannin direbobi tun ƙarshen shekarun 1930, kowane minti na direban babbar mota yana faɗawa cikin ɗayan hali huɗu: ko ya tashi daga aiki, ko yana kwance a gadon da ke bayan kujera, ko yana tuƙi, ko yana bakin aiki amma ba tuƙi ba. Wannan na huɗun ya ƙunshi lodi da sauke kaya da shan mai da duba mota da jiran takardu. Direban kaya ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba bayan hutun awa 10 a jere, kuma duk tuƙin dole ya kasance cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki. Bayan tuƙin awa 8 sai ya dakata na minti 30, sannan a mako akwai iyakar awa 60 cikin kwana 7 ko awa 70 cikin kwana 8. Tun Disambar 2017 na'ura ce a cikin mota take rubuta yawancin wannan lissafi, ba biro ba. Game da mai koyo kuwa, dokarsu ta ce wanda ke riƙe da takardar koyon tuƙin babbar mota ba zai hau titi ba sai da mai cikakken lasisi na wannan ajin mota a zaune a kujerar gaba kusa da shi, yana kallonsa kai tsaye. Mutumin da doka ta ɗora wa wannan nauyi ba zai rubuta cewa ya tashi daga aiki ba, ba zai kuma haye gado ba. Yana bakin aiki. Ma'ana, in ya shafe awa 9 yana sa wa ɗalibi ido, awa 5 kacal suka rage masa da zai iya karɓar sitiyari a ranar, ko da bai taɓa giya ba tun safe.

Tarayyar Turai ta bi ta wata hanya ta iso wuri ɗaya. Dokarta ta shekarar 2006 ta ba direba awa 9 na tuƙi a rana, da damar kaiwa 10 sau biyu a mako, da hutun minti 45 bayan kowane awa huɗu da rabi, da iyakar awa 56 a mako da 90 a mako biyu. In direbobi biyu ne a mota, an yarda ɗaya ya yi hutunsa na minti 45 a zaune yayin da ɗayan ke tuƙi, amma gyaran da aka yi wa dokar a 2020 ya gindaya sharaɗi ƙarara: sai in wanda ke hutun ba ya taimaka wa mai tuƙin da komai. Da ka fara cewa "sauko da giya" ko "bar masa hanya ya wuce," ka fita daga hutu. Tunanin ma ba sabo ba ne. Dokar hanya ta Ingila ta 1930 ta riga ta ce lokacin da direba ya ɓata a kan wani aiki da ya shafi motar ko kayan da ta ɗauko, a lissafa shi tamkar tuƙi. Ba na kawo waɗannan don in ce abin da Bature ya rubuta wahayi ne. Dokar Amurka ma tana da ɓaraka: tuƙi ta hana bayan awa 14, ba ta hana wani aiki ba, kuma da zarar ɗalibi ya karɓi lasisi, kamfanoni da yawa kan haɗa shi da malaminsa su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci, alhali jiya-jiya ya fito daga makaranta. Abin lura dai shi ne, duk wanda ya zauna ya yi wa tambayar lissafi na tsakani da Allah, ya gano cewa sa ido aiki ne.

Mu ma ba a cikin duhu muke ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012, kuma a cikinsu an ƙayyade tsawon tuƙi a jere da jimillar tuƙin yini da hutun da ya wajaba ga direban motar haya da ta kaya. Jami'anta kullum suna nanata wa direbobi su tsaya su huta bayan awa huɗu. Mai koyo doka ta ce ya mallaki takardar koyo, ya manna jan harafin L a mota, kuma mai lasisi ya zauna kusa da shi. Lasisin tirela ajinsa daban ne da na ƙaramar mota. Tun 2007 akwai tsarin da ya wajabta wa duk mai motoci biyar ko fiye ya yi rajista ya kuma naɗa jami'in kula da lafiyar tafiya, sannan a 2017 aka fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin kasuwa. A nan Zariya ma, a kan hanyar Basawa, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da aka kafa a 1986, wadda horar da ma'aikatan sufuri shi ne aikinta. Takardu dai akwai su. Abin da babu shi ne littafin awanni a cikin kan mota, kuma babu wanda ke tsayar da direba a Tashar Yari ya tambaye shi ƙarfe nawa ya farka. Ana tambayar lasisi da takardun mota da abin kashe gobara, wani lokaci a tambayi abin da bai kamata a tambaya ba, amma barci ba ya cikin jerin.

To me ya sa zaman gefe ba hutu ba ne, tunda ƙafa ba ta kan totur, hannu ba ya kan sitiyari? Saboda ba ƙafa da hannu ne ke fara gajiya a tuƙi ba, hankali ne. Direban da ke koyarwa da gaske yana karanta titi sau biyu. Yana hango abin da ke gaba kamar shi ke tuƙi, ɗan acaɓan da zai tsallaka ba tare da waiwaye ba, garken shanu a gefen hanya, motar da ta lalace aka jera mata ganye maimakon alama, sannan yana karanta yaron: ya gani ko bai gani ba, zai taka birki da wuri ko zai makara, ya tuna cewa bayan tirela yana yanke kwana fiye da kanta? Kuma duk wannan ba shi da birki a ƙarƙashin ƙafarsa. Makaminsa baki ne kawai, don haka dole ya riga yaron gani da daƙiƙa uku ko huɗu, in ba haka ba maganarsa ba ta da amfani. Duk wanda ya taɓa koya wa ɗansa mota ya san yadda ƙafar dama ke taka birkin da babu shi. Mutum ya sauko daga irin wannan zama na awa huɗu a ce ya huta, sai dai in ba a son gaskiya.

Ɗaya fuskar kuma ta fi muni, wato inda oga ya yi barcin da gaske. Ƙa'idar gudun tirela da tanka a babban titi mai hannu biyu kilomita 60 ne a awa. A wannan gudu mota tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya kai ta kusan mita 67 ba mai riƙe da ita, kuma kowa ya san tun da aka gyara hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano aka buɗe ta a 2023, ba kowane direba ke tsayawa a 60 ba. Wanda aka tasa daga barci mai nauyi kuwa yakan ɗauki mintuna kafin ya dawo hayyacinsa, don haka "ka tashe ni in ka ga wani abu" magana ce da ba ta da ma'ana a kan titi: kafin a tashe shi, abin ya riga ya faru. A ƙara da wannan tambaya da ba a cika yi ba: shi yaron, yaushe ya yi barci? Shi ne ya kwana gadin mota a Tafa ko Mararrabar Jos, a kan tabarma a ƙarƙashin bodi, kunne a buɗe saboda ɓarayin batir da na gas, yayin da oga ya sami ɗaki. Shi ya tashi tun kafin asuba ya duba tayoyi ya sayo shayi. Sannan lokacin da ake miƙa masa sitiyari ba lokacin da ya fi dacewa da koyo ba ne, lokacin da barci ya fi kama oga ne, wato tsakar dare zuwa goshin asuba, ko bayan azahar in an ci an ƙoshi. Waɗannan su ne daidai lokutan da jikin kowane ɗan Adam ke neman kwanciya, har da na yaron.

A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a mujallar Nature. Sun gano cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, ma'aunin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. In ya kai awa 24, kamar mai 0.10 ne. Direban da ko kusa da barasa ba ya zuwa, wanda zai ji haushi in an jingina masa ita, yana iya tuƙi a cikin halin mashayi bai sani ba. Wanda ya farka ƙarfe biyar na asuba, zuwa ƙarfe goma na dare ya cika awa 17, kuma agogon jiki ba ya cire awannin da ya yi a kujerar gefe yana gyara wa yaro hannu. Goro da shayi mai kauri da Nescafe suna jinkirta jin barcin ne kawai. Ƙwaya irin tramol kuwa ƙarin bala'i ce a kan bala'i.

Tsofaffin direbobi suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce kowa haka ya koya, su ma haka aka yi musu, ga shi sun yi shekara talatin a hanya lafiya lau. Gaskiya ne tsarin yaron mota ya fitar da gwanaye waɗanda makarantar tuƙi ta 'yan makonni ba za ta taɓa fitar da irinsu ba. Yaron da ya shekara uku a bayan oga ya san kukan inji in mai ya yi ƙasa, ya san warin birki in ya yi zafi a gangara, ya san yadda ake magana da ɗan kamasho da bakanike da mai kaki. Ba tsarin nake suka ba, kuma ba na fatan a rushe shi. Amma hujjar "mun yi mun tsira" masu rai kaɗai ke kawo ta. Waɗanda aka kwasa aka kai asibitin koyarwa na Shika ba sa zama a majalisar tasha su ba da nasu labarin. Ban da haka, hanyar da dattawan suka koya a kanta ba ita ce ta yau ba: motocin sun fi ƙarfi da gudu, titi ya fi cika, ƙauyukan bakin hanya sun zama garuruwa masu kasuwa a kan kwalta. Kuma in aka matsa wa gwanin direba da tambaya, zai faɗa maka cewa abin da ya mai da shi gwani kwanakin da maigidansa ya zauna a farke yana yi masa faɗa ne. Daga barcin oga ba a koyon komai sai saurin sabawa da kuskure.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta kuɗi da hali. Daga Zariya zuwa Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, ko ta Mokwa da Jebba da Ilori, ko ta Abuja da Lakwaja. Mai tumatir yana son kayansa su isa kasuwar Mile 12 kafin su ruɓe, mai shanu yana tsoron wata ta faɗi a mota, mai mota yana lissafin sawu nawa aka yi a wata, direba kuma sau da yawa abin da zai samu ya rataya ne a kan sawun. Shingaye suna cin awanni. Rashin tsaro ya sa akwai dazukan da ba a tsayawa a cikinsu ko da ido na rufewa, kamar yankin Birnin Gwari, don haka wani lokaci ci gaba da tafiya shi ne neman tsira. Wuraren hutawa masu tsaro da banɗaki da ruwa kuwa ba su wadata ba. A irin wannan hali, in an ce wa direba kada ya ba yaro ya kwanta, kamar an ce masa ya tuƙa shi kaɗai har ya kife ne. Na yarda da duk wannan, amma a duba abin da hujjar ta tabbatar. Ta tabbatar da cewa doguwar tafiya mai gaggawa tana buƙatar direbobi biyu. Ba ta tabbatar da cewa mai koyo ya zama direba ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne mai mota yana samun aikin direba biyu da kuɗin direba ɗaya da ɗan abin da ake jefa wa yaro na abinci, ragowar kuɗin kuma masu tafiya a titi ne ke biya da rayukansu in an yi rashin sa'a. In kaya ba sa jira, a ɗauki direba na biyu mai lasisi a saka kuɗinsa a cikin kuɗin lodi. In ba za a iya ba, a lissafa kwana ɗaya na ƙari a hanya tun daga gareji, a gaya wa mai kaya tun kafin a ɗaure tamfol.

Akwai masu cewa ai ko an yarda, ba mai iya tilastawa, tunda yawancin motocin na ɗaiɗaikun mutane ne, direbobi da yawa kuma ba su yi boko ba balle su cika littafi. Wannan ma rabin gaskiya ce. Direban da ke riƙe lissafin litar gas da kuɗin kowane shinge daga Kano zuwa Fatakwal a kansa ba zai kasa riƙe ƙarfe nawa ya tashi ba, kuma kusan kowa yanzu da waya a aljihu. Manyan kamfanonin siminti da na mai sun riga sun sa na'urar bin diddigi a motocinsu, suna ganin inda mota ta tsaya da inda ta wuce ƙa'idar gudu. Ƙara musu sanin wa ke kan sitiyari ba wani abu ne mai wuya ba. Ga ƙananan masu motoci kuwa, ikon da ke aiki a kansu ba na Abuja ba ne, na ƙungiya ne. Reshen NURTW ko NARTO ko na direbobin tanka da ke iya hana mota lodi saboda ba a biya kuɗin tasha ba, yana iya kafa sharaɗi a kan yaran mota: a rubuta sunan kowane mai koyo da na ogansa da ranar da ya fara, a nema masa takardar koyo, a hana ba shi mota da dare ko da lodin mai ko na mutane, a kuma tanadi ranar da za a gwada shi a gaban dattawan sana'a kafin a tura shi neman lasisin ajinsa. Wannan gwaji ne zai raba gardama a kan tambayar da ta fi kowace wuya, wato yaushe yaro ke tashi daga mai koyo ya zama abokin karɓa-karɓa. A yanzu amsar tana hannun oga shi kaɗai, kuma yakan ba da ita ne a daidai lokacin da barci ya ci ƙarfinsa.

A aikace, abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. A ɗauka mota ta tashi daga Zariya bayan sallar asuba ta nufi Kano, kilomita 137 a kan titi mai kyau da hasken rana. Wannan ita ce irin tafiyar da ta dace da darasi: oga ya kwana ya ƙoshi da barci, yaro ma an sami mai gadi ya karɓe shi, a ba shi awa ɗaya ko biyu, a karɓe kafin cunkoson shiga gari, a tsaya a yi masa bayanin inda ya yi daidai da inda ya kusa jawo magana. Awannin nan biyu a rubuta su a lissafin aikin su biyun. In kuwa tafiyar Kudu ce, lokutan sallah sun riga sun yanka yini gida-gida, sai a mai da tsayuwar ta zama hutu na gaske maimakon alwala da sallama a guje. Duk lokacin da oga ya ji idonsa ya yi nauyi, mota ce za ta tsaya a wuri na farko mai aminci, su kwanta su biyu.

Iyaye ma suna da ta cewa, don su ne suka kai yaron. Uban da ke Tudun Wada ko Tudun Jukun ko Gyallesu da ya damƙa ɗansa a hannun direba yakan tambayi ko ana ba shi abinci, ko ana dukansa, ko yana sallah. Yana da haƙƙin ya ƙara da wasu tambayoyin in yaron ya dawo gida wanka da canza kaya: an fara ba ka mota? Da rana ko da dare? In kana tuƙi, ogan naka yana zaune ne ko yana kwance? In amsar ita ce yana kwance, to maganar ba ta yaro ba ce kuma, ta manya ce, sai a je a sami ogan, in ta ƙi a wuce wurin shugaban reshe.